Birni da Ƙasarsa: Sharhi a kan Rabon Sana'o'in Hausa Bakwai

Da wuya a sami ɗalibin da ya yi karatun Hausa ko na tarihi a ƙasar nan wanda bai haddace labarin Bayajidda ba, tun daga fitowarsa Bagadaza da zamansa a Barno, har zuwa daren da ya kashe macijiya a rijiyar Kusugu ta Daura. Masana sun daɗe suna tafka muhawara a kan wannan labari, musamman tun shekarar 1970 da Abdullahi Smith ya fito da maƙalarsa a kan kafuwar daulolin ƙasar Hausa, inda ya nuna cewa bai kamata a ɗauki labarin a matsayin tarihi tsantsa ba, domin birane ba sa tsirowa dare ɗaya saboda isowar wani baƙo. Sai dai kusan dukkan muhawarar ta tsaya ne a kan farkon labarin, wato wane ne Bayajidda, daga ina ya fito, kuma yaushe. Akwai wani ɗan guntu a ƙarshensa wanda littattafan makaranta kan kawo cikin layi biyu ko uku su wuce, shi ne rabon sana'o'in da aka ce an yi wa 'ya'yan Bawo. A kan wannan guntu ne wannan maƙala za ta yi sharhi.

Bisa ga ruwayar da ta fi shahara, an naɗa Kano da Rano sarakunan baba, wato masu rini da harkar tufafi. Katsina da Daura suka zama sarakunan kasuwa. Gobir ta zama sarkin yaƙi, mai tsare sauran daga mahara, Zazzau kuwa sarkin bayi, mai samar musu da hannayen aiki. Ta bakwai ɗin, Biram, ba a ba ta komai ba. Masu ruwaya kan kare wannan giɓi da cewa ai Biram ba ɗan Bawo ba ne, ɗan Bayajidda ne da matarsa ta Barno, don haka ba ya cikin rabon gadon. Ko ma dai mene ne dalili, garin da aka jingina wa sunansa, Garun Gabas ta ƙasar Haɗeja, bai taɓa zama babban birni ba.

Abu na farko da ya wajaba a yaba wa wanda ya tsara wannan rabo, ko wane ne shi, shi ne ya fahimci abin da marubutan tarihin garuruwa da yawa suka kasa fahimta, cewa birni ba ya rayuwa shi kaɗai. Idan aka shimfiɗa sana'o'in nan a kan taswira, za a ga sun jeru ne daga kudu zuwa arewa kamar ayarin fatake. Zazzau tana bakin kudu, inda ruwan sama ya fi yawa, auduga take kyau, kuma daga nan ake kai hari kan al'ummomin da ke bayan duwatsu. Kano da Rano suna tsakiya, inda jama'a ta fi cika. Katsina da Daura suna kan hanyar Azbin da Agadas, ta inda kaya ke ratsa hamada. Gobir kuwa ita ce a bakin daga, tana fuskantar Azbinawa. Kowace ɗaya tana cin abin da 'yar'uwarta ta samar. Wannan hoto ne na yanki guda mai gaɓoɓi da yawa, kuma a zamanin da biranen nan suke yaƙar juna ba ƙaƙƙautawa, ba ƙaramin hangen nesa ba ne a dube su a haka.

Akwai kuma wani abu da sunayen kansu suke nunawa, wanda ya cancanci a tsaya a kansa. Kano da Rano da Katsina da Daura sunaye ne da birni da ƙasa suka yi tarayya a kai. Akan ce birnin Kano, a kuma ce ƙasar Kano, kuma Bakano yana iya zama mutumin Yakasai ko mutumin Gwarzo. Gobir da Zazzau kuwa sunayen ƙasashe ne kurum. Birnin Zazzau sunansa Zariya, kafin ita kuma an zauna a Turunku. Gobirawa sun sauya mazauni sau da dama, sun zauna a Birnin Lalle, sun zauna a Alƙalawa, daga baya suka koma Tsibiri da Sabon Birni, amma sunan Gobir bai bi ko ɗaya daga cikinsu ba. Ke nan biranen da suka daɗe a wuri guda har suka ba ƙasa sunansu, su aka ba sana'ar hannu da kasuwa, ayyukan da ba sa yiwuwa sai da zama. Ƙasashen bakin iyaka masu sauya fada kuwa, su aka ba yaƙi da kamun bayi, ayyukan da ake yi a kan doki. Da wuya a ce wannan dace ne kawai.

Tambayar da ke biye ita ce: hoton wane zamani ne wannan? Littattafan makaranta suna kawo shi kamar wasiyyar da uba ya bar wa 'ya'yansa tun farkon kafuwar ƙasa. Daga cikin rubutattun shaidun da suka fi daɗewa a kan rabon akwai na Heinrich Barth, Bajamushen nan da ya yi tafiyarsa da sunan Abdulkarim, wanda ya iso Katsina da Kano a farkon shekarar 1851. Abin lura shi ne a lokacin da ya ji labarin, rabin abin da ke ciki ya riga ya daina zama gaskiya. Sarkin yaƙi an ci shi da yaƙi tun 1808, lokacin da masu jihadi suka ci Alƙalawa suka kashe Yunfa. Katsina, sarkin kasuwa, Barth ya tarar da ita kusan kango: ganuwa mai faɗi, amma mutanen da ke ciki ya ƙiyasta ba su wuce 7,000 zuwa 8,000 ba. Tun da aka kori sarakunan Haɓe a 1807 suka je suka kafa Maraɗi, hare-harensu suka hana hanyoyin Katsina zaman lafiya, manyan attajirai da Larabawa suka kwashe nasu ya nasu suka koma Kano. A can kuwa ya ƙiyasta mazauna 30,000, waɗanda kan ninka su kai 60,000 a watannin rani lokacin da ayari ke shigowa. Rano ma, Tarihin Sarakunan Kano ya nuna tun zamanin Sarki Yaji, a ƙarni na 14, aka karya lagonta. Saboda haka rabon nan ya fi kama da yanayin ƙarni na 17 da na 18, lokacin da Katsina take tashe a fatauci, Gobir kuma take kan ganiyar ƙarfinta. Darasin da ya kamata ɗalibi ya ɗauka daga nan shi ne matsayin birni a cikin yanki abu ne mai sauyawa, hanya ce ke kawo shi, hanya kuma ke tafiya da shi. Littattafan da suke koyar da rabon a matsayin gado na har abada, akasin wannan suke koyarwa.

Babban naƙasun wannan rabo, wanda kuma shi ne ainihin abin da ya sa ya cancanci suka, shi ne babu sarkin noma a cikinsa. Abin mamaki ne a ƙasar da kusan kowane ƙauye yake da mai riƙe da wannan sarauta, a ƙasar da gero da dawa su ne dukiya kafin kowace dukiya. An raba rini, an raba kasuwa, an raba yaƙi, an raba bayi, amma ba a ce ga wanda zai ciyar da masu waɗannan ayyuka ba. Dalilin a fili yake. Noma ba sana'ar birni ba ce da za a ce ta wannan birni ce ban da wancan, kuma wanda ya tsara labarin daga cikin ganuwa yake kallo. A idonsa ƙasar Hausa birane bakwai ne, abin da ke tsakaninsu kuwa hanya ce kawai.

Ko sana'ar da aka ba Kano ɗin ma, in an bi ta da kyau, yawancinta a karkara take. Barth ya ƙiyasta kuɗin tufafin da Kano ke fitarwa a shekara ya kai wuri miliyan 300, ana kai su Tumbutu da Gat da Tarabulus da Barno. To, amma a dubi hannayen da turkuɗi ɗaya yake bi kafin ya isa kasuwar Kurmi. Manomi ya shuka auduga ya cire. Matan aure a ƙauye su gurje ta, su shiɓe, su kaɗa zare da mazari. Masaƙi, wanda shi ma manomi ne da damina, ya saƙa ƙwarya-ƙwarya da rani. Wani manomin ya shuka baba, a yanke, a daka, a shanya. Marini ya tsoma a karofi ya sake tsomawa har launi ya kama. Daga nan mabugi ya buga da shuni har ya yi ƙyalli. Sai a ƙarshe dillali da fatake su shigo cikin maganar. Binciken da Philip Shea ya kammala a 1975 a kan masana'antar rini ta ƙasar Kano ya nuna cewa karofin da ke cikin birni kaɗan ne idan aka kwatanta da na garuruwan karkara, musamman na kudancin ƙasar, yankin Kura da Bunkure da kewayensu. Harshe ma ya riƙe wannan shaida: rawanin nan mai sheƙi da Buzaye suke ji da shi, ɗan Kura ake ce masa, ba a ce masa ɗan Kano ba. Wataƙila wannan ne ma asirin ambaton Rano tare da Kano a cikin rabon, domin ita ce tsohon birnin da ke wannan yanki na marina. Aikin birni shi ne ya tara, ya sa farashi, ya ba da bashi, ya haɗa mai kaya da baƙon da ya zo daga nesa, sa'an nan ya ɗora sunansa a kan abin da wasu suka yi. Aiki ne babba, kuma in ba shi da turkuɗin Kura bai ga Tumbutu ba. Amma ba shi ne rini ba.

Irin wannan kallo daga cikin ganuwa shi ne ya mamaye Tarihin Sarakunan Kano, wanda Palmer ya buga fassararsa ta Turanci a 1908, aka kuma sa ta Hausa a cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu. Littafi ne mai daraja ƙwarai, kuma ba shi da na biyu a ƙasar Hausa wajen zurfin zamani, amma garuruwan karkara ba sa bayyana a cikinsa sai ranar da aka ci su da yaƙi, ko ranar da suka yi tawaye. Santolo ta shigo labari ne domin ta faɗi. Sau ɗaya ne littafin ya ɗaga labule sosai a kan yadda ake cika karkara da mutane, a zamanin Abdullahi Burja, tsakiyar ƙarni na 15, inda ya ba da labarin Galadima Dauda da ya yi ta kai hari kudu yana aiko wa sarki da bayi, har ya kafa garuruwa 21, kowanne ya zuba masa bayi 1,000. Ba dole ne a yarda da adadin ba, domin lissafin maroƙa ya fi na ma'aji yawa a irin waɗannan littattafai. Amma ma'anar ta fito: sarkin da aka ce a zamaninsa aka buɗe hanyoyin Barno zuwa Gwanja, a zamaninsa ne kuma aka shimfiɗa rumada. Bunƙasar kasuwar birni da ƙaruwar bayi a gona tare suka zo.

A nan ne laƙabin sarkin bayi yake buƙatar a daina wuce shi da sauri. Malamai kan karanta shi a aji kamar yadda suke karanta sarkin kasuwa, ba tare da ɗalibi ya tambayi su wane ne bayin, daga ina aka kamo su, kuma ina jikokinsu suke a yau ba. Alhali kuwa wannan laƙabi shi kaɗai ne a cikin rabon ya taɓo aikin gona, ko da yake ta bayan gida ya taɓo shi. Wanda yake son ya ga yadda abin yake daga ɗaya ɓangaren ganuwa, sai ya koma ga labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta aka buga a 1954. Baba ta taso ne a ƙananan garuruwan kan iyakar Kano da Zazzau, a gidan manoma masu rini da rinji. A bakinta birni wuri ne mai nisa da ake jin labarinsa, daga can jakada yake zuwa karɓar haraji, can kuma ake bin sawun 'yan'uwan da mahara suka kama don a fanso su. Shafi goma na wannan tsohuwa sun fi gaya wa mai karatu yadda yanki yake aiki a kan babi goma na jerin sunayen sarakuna.

Jakadan da Baba ta sani shi ne igiyar da ta ɗaure birni da karkara a tsarin mulkin da. Kafin zuwan Turawa, yawancin hakiman Kano a cikin birni suke zaune kusa da fada, garuruwan da suke ci kuma a warwatse suke, wani a gabas wani a yamma. Jakadu ne ke kai umarni su komo da kuɗin ƙasa da kuɗin karofi da kuɗin rafi. Sai wajen 1907 zuwa 1908, zamanin Razdan Cargill, aka harhaɗa garuruwa zuwa gundumomi aka tura hakimai su je su zauna a cikinsu. Da yawansu ba su so ba, domin barin birni a wurinsu tamkar kora ce.

Duk da haka birnin kansa bai taɓa musun dogaronsa ga na waje ba, masu ba da labarinsa ne suka yi shiru. Clapperton, wanda ya ga Kano a 1824, ya lura cewa gidaje ba su ci fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na filin da ganuwa ta kewaye ba, saura gonaki ne da fadamu. An gina ganuwa da faɗi haka ne domin ranar da aka kewaye gari mutanen ƙauyuka su shigo da dabbobinsu, a kuma sami inda za a yi noma. Ƙofofi ma suna magana. Ƙofar Dawanau a Kano da Ƙofar Kuyambana a Zariya sunayen wuraren da suke fuskanta suka ɗauka, ƙofofin Katsina kuwa irin su Durɓi da Marusa da 'Yanɗaka sunayen sarautun da ke riƙe da sassan ƙasa ne. Unguwannin Kano kuma sun kai ga nesa fiye da Hausa Bakwai gaba ɗaya: Agadasawa, Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Ayagi ta Yarabawa. Biyu daga cikin waɗannan al'ummomi, Nufawa da Yarabawa, labarin Bayajidda ya jefa su cikin Banza Bakwai, sai ga shi birnin ya ba su unguwanni.

Da adabin zamani ya zo, ana iya tsammanin zai gyara wannan karkata. Abin da ya yi shi ne ya juya ta kawai. Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo, wanda ya fito a ƙarshen shekarun 1970, daidai lokacin da kuɗin mai ke janye samari daga gona, gwamnati kuma na kiran a koma noma, ya bi saurayin da ya bar ƙauye ya shiga birni ya faɗa hannun ɓata-gari. Sunan littafin ma ya yanke hukunci tun kafin a buɗe shi. Littafi ne mai ma'ana, kuma ya taɓo ciwon zamaninsa, amma shi da ire-irensa, har da wasannin kwaikwayon rediyo da talabijin da finafinan da suka biyo baya, sun tsaya ne a kan taurari biyu da harshe ya riga ya ƙera: baƙauye, wanda ko dai wawa ne abin dariya ko salihi abin tausayi, da ɗan birni, wanda ko dai wayayye ne ko mazambaci. Mutanen da suke rayuwa a tsakanin wuraren biyu, wato ɗan cin rani da ɗan koli da dillalin hatsi da ɗan kamasho da almajirin da ke komawa gida da damina, su ne suka fi kowa sanin yadda birni da ƙasarsa suke cuɗanya, su ne kuma adabi ya fi mantawa da su. Alhassan Ɗantata, wanda sunansa ya haɗu da dalar gyaɗar Kano bayan isowar jirgin ƙasa a 1911, a Bebeji aka haife shi, ya kuma yi fataucin goro a Gwanja kafin ya zauna birni. Ita kanta dalar, a Kano aka tsayar da ita aka ɗauki hotonta, amma ko ƙwaya ɗaya ba a tona a kasuwar Kurmi ba, kuma da fari da cutar gyaɗa suka buge karkara a tsakiyar shekarun 1970, sai ta ɓace daga birni. Har a fagen harshe ma haka abin yake: tun daga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 da Hukumar Harshen Hausa ta 1955, Kananci ne ya zama ƙashin bayan daidaitacciyar Hausa, saura suka koma karin harshe, ciki har da na ƙauyukan Kano ɗin kanta.

Wani abin da rabon Hausa Bakwai ya gani daidai, wanda taswirar yau ta ɓoye, shi ne yankin birni ba ya tsayawa inda iyakar hukuma ta tsaya. Iyakar da Ingila da Faransa suka shata a farkon ƙarni na 20 ta raba Katsina da Maraɗi, ta raba Daura da wani sashe na tsohuwar ƙasarta, ta bar Tsibiri a Nijar, Sabon Birni a Nijeriya, ta kuma tsaya tsakanin Kano da Damagaram. Ƙirƙirar jihohi ta ƙara wasu layukan: Katsina ta zama jiha a 1987, Jigawa ta fita daga Kano a 1991 ta tafi da Garun Gabas. Amma shanu da wake da albasa ba su daina gangarowa daga arewa ba, atamfa da kayan masarufi kuma ba su daina haurawa ba. An ga zurfin wannan alaƙa lokacin da Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da kuma lokacin takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, wanda aka ɗage a farkon 2024. A duka lokutan biyu, 'yan kasuwar Jibiya da na Maraɗi kuka ɗaya suka yi, manyan motoci suka yi jerin gwano a kan iyaka, kaya suna lalacewa.

Hatsin da irin waɗannan motoci suke ɗauka, da yawansa a kasuwar Dawanau yake sauka, daga can kuma ake loda shi zuwa kudancin Nijeriya da Nijar da Cadi da Kamaru. Ana lissafta ta cikin manyan kasuwannin hatsi na Afirka ta Yamma, kuma a bakin jama'a da jaridu kasuwar Kano ce. A takarda kuwa tana cikin ƙaramar hukumar Dawakin Tofa, a bayan ganuwa, kan hanyar Katsina, ta wajen da tsohuwar ƙofar nan mai sunanta take fuskanta.